Tsibirin Pingelap: wai da gaske akwai mutanen da ba sa ganin kala ko ɗaya?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah tambaya gare ni ga masanan cikinmu. Jiya da daddare na ci karo da wasu hotuna, bishiyoyin kwakwa duk sun koma ruwan hoda, yara a bakin teku kowa ya runtse ido, aka ce wai wani tsibiri ne a tsakiyar tekun Fasifik da mutanensa ba sa ganin kala kwata-kwata, ba ja ba kore ba shuɗi, tun daga haihuwa har mutuwa. Wlh abin ya tsaya min a rai har na kasa bacci da wuri. Da gaske ne ko dai ƙarin gishiri ne?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Auta ni kam ban yarda ba, gari guda sukutum? Anya kuwa.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Yara ka yi gaskiya ta gefe guda, ba gari guda ba ne, amma tsibirin yana nan kuma lalurar tana nan. Sunansa Pingelap, yana cikin Tarayyar Maikronesiya, a jihar Pohnpei, kuma daga babban tsibirin Pohnpei zuwa can ya haura kilomita 250 a kan ruwa. Irin tsibiran murjanin nan ne da ke zagaye da wani tafki a tsakiya, guda uku ne ma, Pingelap da Sukoru da Daekae, amma ɗaya kaɗai ake zaune a kai, duka ƙasar in ka haɗa ba ta kai murabba'in kilomita 2 ba. Mutanen da suka rage a wurin a ƙidayar 2010 wajen 250 ne, da yawa sun yi ƙaura. Masu lalurar kuma an ƙiyasta tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, sannan wajen kashi 30 suna ɗauke da ita a jini ba tare da ta bayyana ba. A sauran duniya kuwa mutum 1 ne cikin kusan 30,000. Ka ga tazarar ai.

Baban Yara: Tabɗi. To na janye Malam. Amma kashi 10 ɗin ma ai ba wasa ba.

Ɗan Makaranta: Ni ma fa ina da wannan matsalar, an taɓa yi mana gwajin nan na ɗigo-ɗigo masu kala da lamba a ciki, abokaina suna karantawa ni ban ga komai ba a wasu shafukan, aka ce ina da makantar kala

Anti Nas: Ƙanena taka daban tasu daban, kar ka tayar da hankalinka. Gwajin da aka yi maka na Ishihara ne, wani likitan ido ɗan Japan ya fito da shi tun 1917, kuma abin da ya fi kamawa shi ne rikita ja da kore. Wannan ruwan dare ne a maza, a Turawan arewacin Turai ma kusan namiji 1 cikin 12 yana da shi, mata kuma ƙalilan ne saboda ta hanyar uwa yake zuwa a kan kuromosom ɗin X, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum. Kai kana ganin kala, wasu ne kawai ke haɗe maka, kuma ganinka garau yake. Ta mutanen Pingelap sunanta akromatopsiya. Bari in ɗan yi bayani yadda za a gane. A can bayan ido akwai wani shimfiɗaɗɗen tantani da ke karɓar haske, a jikinsa akwai ƙwayoyi iri biyu, likitoci na ce musu kon da rod, ni dai in ina yi wa mutane bayani ce musu nake ƙwayoyin rana da ƙwayoyin dare. Na rana wajen miliyan 6 ne a kowane ido, kashi uku, su ke ba ka kala, su ke ba ka kaifin gani na karatu da gane fuska, su ke aiki in haske ya yi yawa. Na dare sun fi miliyan 100, ba su san kala ba, aikinsu sai haske ya yi ƙasa. To mai akromatopsiya an haife shi na ranan ba sa aiki gaba ɗaya, da na dare kaɗai yake rayuwa dare da rana.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Kenan kishiyar dundumi ce?

Anti Nas: Hajiya wlh kin gama magana, haka ɗin ne. Mai dundumi dare ne matsalarsa, wannan kuma rana.

Auta: To amma me ya sa ta taru a wuri ɗaya haka? ruwan da suke sha ne ko kifin ko me

Malamin Bayoloji: Ba ruwa ba abinci, gado ne, kuma labarin yana da ban tausayi. Wajen shekarar 1775 wata mahaukaciyar guguwar teku ta afka wa tsibirin, su suna kiranta Lengkieki. Wuri ne da ba tudu ba dutse, ƙasar kaɗan ta ɗara ruwan teku, ba inda mutum zai gudu. Ruwan gishiri ya shanye gonakin gwaza, bishiyoyi suka zube, waɗanda guguwar ta bari yunwa ta biyo ta kwashe su, a ƙarshe mutum wajen 20 ne suka rage. Cikinsu har da sarkinsu, Nahnmwarki Mwanenised. Masu bincike da suka bi salsalar gidajen, irin su Newton Morton da Irene Hussels a wajajen 1970, sun ga cewa masu lalurar duk jininsu yana komawa gare shi. Shi kansa lafiya lau yake gani, ɗauke da ita kawai yake. Ba ta fito ba sai a tsatso na huɗu bayan guguwar, lokacin da jikoki da tattaɓa kunne suka fara auren juna, don ba wasu mutanen da za a aura, mutum 20 ne fa asalin kowa. Kun san yadda sikila take, AS da AS in suka haɗu kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS. To tsarin gadon iri ɗaya ne sak, sai yaro ya karɓo daga uwa ya karɓo daga uba. A shekarar 2000 aka gano ainihin ƙwayar gadon, sunanta CNGB3, a kan kuromosom na 8.

Baban Yara: To ai ka ji, illar auren dangi kenan. Da sun fita waje sun yi aure da ba a kai ga haka ba.

Hajiya Babba: Haba Baban Yara, su fita ina? Mutum ashirin a tsakiyar teku sun binne iyayensu da 'ya'yansu, ba jirgi ba mota sai kwalekwale, ka ce da sun fita waje. Ni abin da na gani mutane ne da Allah Ya tsame daga halaka suka sake tayar da al'umma daga kusan babu. Kar mu ɗora musu laifin abin da ba su sani ba, kuma ko sun sani ba su da yadda za su yi.

Baban Yara: Hajiya ba laifi nake ɗora musu ba, na da can kam an yi musu uzuri, amma na yanzu fa da an san dalili? ai sai a riƙa gwaji kafin aure

Malamin Bayoloji: Gwajin akwai shi amma ba irin na jinotaif ba ne da za a yi maka a ƙaramin lab cikin awa ɗaya, sai an tura jini ko yawu dakin binciken ƙwayoyin gado. Sannan ka yi lissafi, in mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da abu a al'ummar da ba ta wuce 'yan dubbai ba har da na ƙetare, ka ce mai ɗauke kar ya auri mai ɗauke, ka rage wa mutane zaɓi ba kaɗan ba. Kuma wannan ba cuta ce mai kisa ba, ba ta ciwon jiki, yawanci ma ba ta ƙaruwa da shekaru. Shawara ce ta su da iyalansu, ilimin dai a kai musu.

Ɗan Makaranta: To in dai ba ta kisa ba ta ciwo ai da sauƙi, kamar mutum yana kallon tsohuwar talabijin mai baƙi da fari ne kawai, wanda bai taɓa ganin kala ba ma ai bai san ya rasa komai ba

Mai Tabarau: Assalamu alaikum. Na daɗe a gidan nan ban cika magana ba sai dai in karanta, amma yau dole in sa baki saboda ni ina da wannan lalurar, akromatopsiya cikakkiya, likita ya tabbatar min. Ƙanena Ɗan Makaranta ban ji haushin maganarka ba, kusan kowa haka yake ɗauka. Amma in za a ce min yau in zaɓi abu ɗaya a gyara min cikin ukun da ke damuna, wlh kala ce ta ƙarshe. Ta farko haske. Ka san in ka fito daga ɗaki mai duhu da tsakar rana yadda ido ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu komai ya yi fari fat? to ni wannan 'yan daƙiƙun ba sa wucewa, haka nake wuni in ba tabarau, sai in ta ƙifta ido da sauri ina satar hoto ɗaya-ɗaya ina haɗawa a kaina in san inda zan taka. Ta biyu rashin kaifin gani, abin da kai za ka karanta daga mita 60 ni sai na matso mita 6, kuma gilashin likita na yau da kullum ba ya gyara wannan don ba matsalar saiti ba ce, tsakiyar tantanin idon inda ya fi kaifi ƙwayoyin rana ne zalla a wurin, nawa kuma ba sa aiki. Yanzu haka da nake rubutun nan wayar tana dab da hancina, rubutu na ƙara masa girma, bango baƙi. Sannan idona yana rawa tun ina jariri, ya ragu da na girma amma in na gaji ko na shiga haske yana dawowa. Talabijin mai baƙi da fari ai garau take, ni tawa ba haka ba.

Ɗan Makaranta: Yaya ka yi haƙuri dan Allah, wlh ban sani ba

Mai Tabarau: Ba komai ƙanena, tambaya ai ita ke kawo sani.

Hajiya Babba: Allah sarki ɗana. Allah Ya sa kaffara ce, Ya ƙara maka juriya. Yaushe aka gane?

Mai Tabarau: Amin Hajiya na gode. Sai da na kusa shekara 20. Kuma wannan shi ne abin da nake so in faɗa game da Pingelap ɗin. Ni na taso ba wanda ya san sunan abin da ke damuna, ni ma ban sani ba. A makaranta an ce ina da ƙiwa, an ce raini ne ke sa ina runtse ido in ana min magana, akwai malamin da ya taɓa hukunta ni don na kasa kwafe abin da ya rubuta da jan alli, alhali ja a idona duhu ne, kusan baƙi, to ja a kan baƙin allo me zan gani. An kai ni wurin masu gilashi sau nawa ana canjawa ba canji, wasu suka ce ko zabiya ne da bai fito a fata ba saboda su ma idonsu na rawa kuma haske na damunsu, wasu suka ce iska ce. Kala kuwa haddace ta na yi kamar karatu, ciyawa kore, jini ja, sama shuɗi, in aka tambaye ni in ba da amsa daidai, shi ya sa ba wanda ya gane ba na gani. Ranar da na fara karanta labarin Pingelap na ga cewa a yarensu abin yana da suna, maskun, ma'ana ba ya gani, kalma ce da kowa ya sani har yaro ƙarami, wlh sai da na ajiye wayar na yi shiru. Wato akwai wurin da in jariri ya kai wata biyu uku ya fara kawar da kai daga rana idonsa na rawa, kakarsa za ta duba ta ce maskun ne, irin na kawunsa ne, shikenan an gane. Ba a zarge shi da ƙarya ba, ba a yi shekara ashirin ana yawo da shi ba, kuma in ya fita wasa akwai wasu irinsa a layin. Ni har yau ban taɓa haɗuwa ido da ido da mai irin lalurata ba, ko ɗaya.

Auta: Wlh Yaya jikina ya yi sanyi.

Malamin Bayoloji: Abin da ka faɗa ya tuna min da Knut Nordby. Masanin kimiyyar gani ne ɗan ƙasar Nowe, shi ma da akromatopsiya aka haife shi. A 1994 ya raka likitan ƙwaƙwalwan nan Oliver Sacks zuwa Pingelap tare da wani likitan ido Robert Wasserman, daga baya Sacks ya rubuta littafi a kan tafiyar wanda shi ya sa duniya ta san tsibirin. Mutanen wurin sun ɗauka abin nasu ne su kaɗai, sai ga Bature ya sauko daga jirgi yana ƙifta ido irin nasu. Shi ma kuma bai taɓa ganin masu irin idonsa da yawa haka a wuri guda ba. Sun tafi musu da baƙaƙen tabarau da madubin ƙara girman rubutu da 'yar na'urar hangen nesa ta ido ɗaya.

Baban Yara: To in haka ne ai gara mutum ya kasance a can ɗin kenan, tunda kowa ya san abin

Mai Tabarau: Baban Yara a'a ban ce haka ba fa. Ta fuskar kaɗaici eh sun fi ni, amma ka duba wurin. Kusa da tsakiyar duniya yake inda rana ke dukan ƙasa kusan a tsaye duk shekara, ga farin yashi ga ruwa suna maido da hasken ta ƙasa, wato ko ka sa hula hasken ta ƙasa zai shigo maka. In da za a ce a zaɓi wurin da ya fi wahalar da irin idona da wuya a samu wanda ya fi wannan. Ni in tabarau na ya karye gobe zan sayi wani, su sai jirgin ruwa ya zo ko ɗan ƙaramin jirgin sama, kuma likitan ido ba a tsibirin yake zaune ba. Sanin sunan abu daban, samun abin da zai taimake ka daban. Yaron da ba ya ganin allo a can ma ba ya ganinsa, kuma ba na jin suna tsira daga tsokanar yara ko daga a ce wane ba zai iya kaza ba, mutum ai mutum ne ko'ina.

Anti Nas: Gaskiya ne. Shi ya sa ni hotunan nan masu ruwan hoda da Auta ta gani ba su cika burge ni ba. Wata mai ɗaukar hoto 'yar Beljiyom ce Sanne De Wilde ta je can a 2015 ta yi amfani da kyamarar da ke ɗaukar hasken da idon mutum ba ya gani, shi ya mayar da ganye ruwan hoda. Fasaha ce tata, kuma ta jawo hankali kan mutanen, wannan kam an gode mata. Amma mutane suna ta yaɗawa suna cewa wai haka 'yan tsibirin ke ganin duniya, wanda ba haka ba ne, wanda ba ya ganin kala ina zai ga ruwan hoda.

Auta: Kai, ni ma fa haka na ɗauka wlh. To Yaya Mai Tabarau in ba damuwa, me kake gani? komai toka-toka? kuma mafarki fa

Mai Tabarau: Auta kalmar toka ma ai taku ce, ku da kuka san kala ku ke da abin da za ku kwatanta da shi. Ni ina ganin haske da duhu hawa-hawa, da ƙyalli, da laushi ko kaushin abu, da inuwa, da motsi, kuma duniyar ba ta min kama da wadda aka cire wa wani abu, cikakkiya ce a wurina, akwai abubuwan da nake gani in ce kai wannan ya yi kyau. Mafarki ma haka. Ayaba ko wani ɗan itace in zan san ya nuna hannu da hanci nake sawa, ba na kuskure sosai. Inda nake shan wuya shi ne abin da mutane suka tsara da kala kawai, taswira, jadawali a kwamfuta, wayoyin lantarki, fitilar caja da ke komawa kore in ta cika, haɗa kaya in zan fita, wannan matata ke jera min. Tuƙi kuwa na haƙura da shi tuntuni. Amma in rana ta faɗi, daga magariba zuwa sama, nan nake sakewa, in cire tabarau in buɗe idona duka, daren farin wata kam ba abin da ya kai shi a wurina.

Malamin Bayoloji: Wannan ya yi daidai da abin da aka ruwaito daga Pingelap, suna da kamun kifi na dare, a fita a kwalekwale da wutar ganyen kwakwa ana kama kifin nan mai fiffike da ke tsalle saman ruwa, kuma masu maskun an san su da ƙwarewa a wannan. Sai dai in ƙara da cewa ƙwayoyin daren nasu irin na kowa ne, ba wani ƙarin ido aka ba su ba, sabo ne, mutumin da duk rayuwarsa da su yake aiki dole ya fi ka iya karanta ɗan ƙyallin da ke kan ruwa. Af, na manta ban faɗa ba, ba a tsibirin kaɗai suke ba, akwai ƙauyen Mand a kan Pohnpei da 'yan Pingelap suka kafa, can ma akwai masu maskun da dama, wasu kuma sun wuce Amurka don ƙasar tasu tana da yarjejeniya da Amurka tun 1986 da ta ba su damar zama da aiki a can, kuɗinsu ma dala ce.

Maman Walid: Salam. Ku yi haƙuri na katse ku, tun ɗazu nake karantawa hannuna na rawa. Ɗana watansa bakwai, tun yana wata uku na lura idonsa na kaɗawa gefe da gefe, in na fito da shi waje sai ya rufe ido ya cusa kai a jikina yana kuka, amma da daddare ko a ɗaki in an saki labule sai ya buɗe ido tar yana wasa yana bin fuskata. An ce min zai daina. Anti Nas dan Allah ko shi ne?

Anti Nas: Maman Walid ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ba wanda zai iya ce miki shi ne ko ba shi ba ta waya, ni ma ba zan ce ba. Rawar ido da gudun haske a jariri abubuwa da yawa na kawo su, wasu ma ana maganinsu in an kama da wuri, kamar yanar ido ta haihuwa ko hawan ruwan ido, shi ya sa ba abin jira ba ne. Ki kai shi wurin likitan ido na gaske, in da hali na yara, ba shagon gilashi ba, cikin satin nan. Ki ɗauki bidiyon idon a waya lokacin da yake rawar, ɗaya a haske ɗaya a ɗaki, ki nuna masa. Ki faɗa masa in akwai dangantaka tsakaninki da babansa ko wani a dangi mai irin haka. Akwai gwajin da ke auna yadda tantanin ido ke amsa haske, ERG ake ce masa, shi ke nuna ko ƙwayoyin rana na aiki, ba ko'ina ake da shi ba amma likitan zai san inda zai tura ku. Kuma dan Allah kar a ɗiga masa komai a ido.

Maman Walid: To Anti, in sha Allahu. Wlh tsoro nake ji kar a ce makancewa zai yi

Mai Tabarau: Maman Walid ki bi maganar Anti ki je a duba. In kuma aka ce irin nawa ne, to ga ni, na yi karatu, ina aiki, na yi aure, 'ya'yana biyu duk suna ganin kala lafiya lau. Abin da na rasa ina yaro ba ido ba ne kawai, wanda zai yarda da ni ne in na ce ba na gani. Ke kuma kin lura tun yana wata uku. Kafin ku ga likita ki sa masa hula mai baki in za ku fita, kar ki tilasta masa buɗe ido a rana wai don ya saba, ba ya sabuwa.

Baban Yara: Allah Ya ba shi lafiya. Malam to wai babu magani ne har yanzu? naga ana tallan wani gilashi da mutum ke sawa ya fashe da kuka wai ya ga kala

Malamin Bayoloji: Wancan irin su EnChroma ne, an yi su ne don masu rikita ja da kore irin Ɗan Makaranta, tace haske suke yi don bambancin ya ɗan fito, kuma sai kana da ƙwayoyin rana masu aiki, mai akromatopsiya ba abin da za su yi masa. Maganin warkewa kam babu wanda aka amince da shi zuwa yanzu. Ana dai gwajin gyaran ƙwayar gado, a yi allura a ƙarƙashin tantanin ido a shigar da lafiyayyar ƙwayar. An fara da dabbobi, karnuka masu matsalar CNGB3 irin ta Pingelap da tumaki masu ta CNGA3, wata ƙwayar gadon daban da ita ma ke kawo lalurar, ganinsu na rana ya gyaru. A mutane kuma a Tubingen ta Jamus an gwada wa manya 9 masu CNGA3, sakamakon ya fito a 2020, ba a ga wata babbar illa ba, an ɗan samu ci gaba amma kaɗan, ba wai sun tashi suna ganin kala kamar kowa ba. Wani ɓangare na matsalar ita ce ƙwaƙwalwar da ta girma ba ta taɓa karɓar saƙon kala ba, shi ya sa ake sa ran yara za su fi amfana.

Mai Tabarau: Ina bin labarin gwaje-gwajen nan, in ya zo ya rage min zafin haske kawai ma na gode Allah. Amma ko ya tabbata gobe, irin wannan magani tsadarsa sai a hankali, yaushe zai kai tsibirin mutum 250? Abin da ke aiki yau mai arha ne, tabarau mai duhu sosai da ke rufe har gefe, ko mai ja-ja don ja yana rage hasken da ke cika ƙwayoyin dare, hula, kujerar gaba a aji nesa da taga, littafi mai manyan baƙaƙe, madubin ƙara girma, da malamin da aka yi wa bayani. Ni ranar da na fara sa jan tabarau na tsallaka titi da rana ido buɗe ba na mantawa da ita.

Maman Walid: Yaya dan Allah jan tabarau ɗin akwai na jarirai? ko sai ya girma

Mai Tabarau: Akwai na yara masu roba da ake zagayawa ta bayan kai, amma ki bari likita ya duba shi tukuna ya faɗi irin duhun da ya dace, kar a sa masa wanda ya yi yawa a cikin ɗaki. In kun dawo ki faɗa mana abin da aka ce, in ma kina so matata ta yi miki magana ta gefe sai in haɗa ku, ta fi ni iya bayanin yadda ake tsara gida.

Maman Walid: Ina so wlh, na gode Yaya. Gobe da safe zan sa babansa ya kai mu.

Anti Nas: Kar ki manta da bidiyon, ki ɗauka yau da daddare da kuma gobe kafin ku fita.